Neman taimako: an ɗora min jan wasan labari, kuma ba ni da kuɗin littattafai

Sagir:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Abokaina sun matsa sai ni zan zama jagoran wasa, wato mai ba da labarin, su kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana faɗin abin da zai yi, wai don na fi kowa surutu a cikinmu. Dungeons & Dragons (D&D) suke so, don shi suka ga ana yi a YouTube. Na duba farashi, manyan littattafan guda uku ne, kowanne kusan dala 50, ban da kuɗin aiko su. In aka juya wannan zuwa naira sai dai in sayar da wayar da zan yi wasan da ita. Don Allah waɗanda suka riga mu a harkar, me ake samu kyauta a intanet da mutum zai fara da shi? Dokoki, taswira, dodanni, komai dai. Waya kawai gare ni, sai kwamfutar abokin ɗakina in ya ga dama.

Ummi:
Wa'alaikumus salam. Barka da shigowa sahun waɗanda suka kasa cewa a'a 😂 Duk jagoran da ke gidan nan haka aka yi masa.

Bello Injiniya:
Wa'alaikumus salam Sagir. Kwantar da hankalinka, ba sai ka sayi ko ɗaya ba kafin ka fara. Kamfanin da ke da wasan, Wizards of the Coast, da kansa ya saki dokokin farko kyauta tun 2014, lokacin da bugu na biyar ya fito. A ciki akwai jarumai iri huɗu: mayaƙi, ɓarawo, mai sihiri, da mai warkarwa, kowannensu daga mataki na 1 har na 20. Gyaran da suka yi a 2024 shi ma yana da nasa dokokin na kyauta a shafinsu na intanet, D&D Beyond.

Bayan wannan akwai SRD, kundin dokokin da suka yarda kowa ya ɗauka ya yi aiki da shi. Wanda ake kira 5.1 ya kai shafi 400, da jarumai iri 12, da sihirce-sihirce da dodanni masu ɗimbin yawa. In ba ka son sauke PDF mai nauyi, Open5e ya jera abin da ke ciki, ka rubuta sunan dodo a waya ya fito maka da ƙarfinsa da komai. Abin da aka rage shi ne zaɓi. Kowane irin jarumi reshe ɗaya aka ba shi, kuma wasu dodannin da kamfanin ke ɗauka tamkar tambarinsa, irin su beholder, ba a sa bayaninsu ba. Amma ga mai farawa wannan ya isa ya yi yawa.

In kuma kuna son wasa mai lissafi sosai, Pathfinder na kamfanin Paizo dukkan dokokinsa suna nan a Archives of Nethys, kyauta, kuma da yardar kamfanin.

Kabiru:
Duk wannan zagaye-zagayen na mene ne? Ina da folda cike da littattafan gaba ɗaya, har da waɗanda suka fito kwanan nan. Sagir yi min magana ta gefe.

Admin:
Kabiru, ka san dokar gidan nan. Ba ma raba littattafan da aka kwafa ba da izini ba, ko a fili ko ta gefe. Na bar saƙonka don a ga amsar.

Kabiru:
Haba Admin. Hasbro ne fa ke da kamfanin nan tun 1999, masu biliyoyin dala. Ko shago ɗaya ba su da shi a nan da za su sayar mana. Wa na cuta?

Bello Injiniya:
Kabiru, bari in gaya maka abin da ya sa nake raba kyauta da sata, ba don tausayin Hasbro ba. Abin da aka ba ka da lasisi kana iya gina abu a kansa. Na foldarka karantawa kawai za ka yi a ɓoye.

Ka tuna rigimar Janairun 2023. Tun shekarar 2000 akwai lasisin da ake kira OGL, wanda ya ba ƙananan marubuta damar rubuta labarai da dodanni a kan dokokin D&D su sayar. Pathfinder kanta a kansa aka haife ta a 2009. Sai ga wani daftari ya fallasa, yana nuna Wizards of the Coast na shirin soke tsohon lasisin, ya kuma karɓi kashi 25 cikin ɗari na abin da ya haura dala 750,000 daga hannun masu buga kaya. Jama'a suka tashi tsaye, mutane suka dinga janye rajistarsu ta D&D Beyond, Paizo ta sanar da nata lasisin mai suna ORC. Kafin watan ya ƙare Wizards of the Coast ya lashe amansa, ya saki SRD 5.1 a ƙarƙashin Creative Commons. Wannan lasisin ba a janye shi in an bayar. A 2025 suka ƙara sakin 5.2 a kan wannan sharaɗin.

Ma'anarsa, yau in ka ga dama ka ɗauki SRD ka fassara, ka canza, ka buga, har ka sayar a kasuwar Sabon Gari, ba mai ce maka uffan, muddin ka rubuta daga inda ka ɗauko.

Kabiru:
To ai shi ke nan. Amma dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Sun ba ka kaɗan ne don ka ji daɗi ka nemi saura da kuɗi.

Bello Injiniya:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Talla ce. Sai dai tallar ta ƙoshi.

Anti Rabi:
Sagir ƙanena, bari in saɓa wa Bello kaɗan, ya san halina.

Kada ka fara da shafi 400. Kai ne za ka karanta shi kai kaɗai a waya har idonka ya yi ja, abokanka kuma ba wanda zai buɗe ko shafin farko. Ran wasa za ku ɓata yammacin gaba ɗaya kuna cike takardar jarumi, ana tambayarka mene ne wannan akwatin, mene ne wancan, a tashi ba a shiga ko ƙofar kogo ba. Mako mai zuwa biyu ba za su dawo ba.

Nemi Cairn. Yochai Gal ne ya rubuta shi, kyauta ne a shafinsa, bugun farko shafukansa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Jarumi abu uku gare shi: ƙarfi, zafin nama, da ƙarfin zuciya. Kowanne a jefa dayis, wato ƙwaya mai lambobi, mai fuska shida guda uku a haɗa. Shi ke nan. Ba rukunin jarumai, ba hawa mataki. Abin da ke jakarka shi ne kai, kuma jakar gurbi goma gare ta, in ta cika ka shiga uku.

Ga yadda yake tafiya. Ka ce wa ɗan wasa: gadar katako ta ruɓe, ƙasa rafi ne mai ƙarfi, 'yan fashi na bayanka. Ya ce zai tsallake da gudu. Zafin namansa 12. Ya jefa mai fuska ashirin. In ya fito 12 ko ƙasa, ya haye. In ya fito 13 zuwa sama, katako ya karye da shi. A faɗa kuwa ba a ma tambayar ko sara ya samu, kullum yana samu, ɓarnar da ya yi kawai ake jefawa. Shi ya sa faɗa ke ƙarewa da wuri, kuma yara ke koyon cewa ba kowane dodo ake tunkara ba, wani lallaɓa shi ake yi, wani a ba shi cin hanci, wani a ari ta kare.

'Ya'yan yayata da ƙawayensu nake ja wa, 'yan sakandare ne, kuma kafin shayi ya huce kowa ya gama haɗa jaruminsa.

Sagir:
Anti na gode ƙwarai. Amma su fa D&D suka ce, da sunansa. In na kawo wani abu za su ce na kawo musu jabu.

Anti Rabi:
Abin da suka gani a YouTube mutane ne zaune suna dariya suna shiga hatsari tare. Wannan suke so. Ba wanda ya kalli Critical Role, shirin da ake nuna ana yin wasan a bidiyo, ya ce kai, ina ma ni ne nake lissafin nauyin sulke. Kuma waɗancan ƙwararrun masu aron murya ne, sana'arsu ke nan, kada ka auna kanka da su.

Ummi:
A matsayina na 'yar wasa zalla, wadda ba ta taɓa ja ba kuma ba ta da niyya: Anti ta faɗi rabin gaskiya. Akwai irinmu da ke jin daɗin zaɓen sihiri da hawa mataki. Ranar da jarumata ta samu ƙwallon wuta ban yi barci da wuri ba. Cairn ba ya ba ka wannan. Ka tambayi abokanka wane iri ne su.

Bello Injiniya:
Yauwa Ummi. In kuma ana son tsaka-tsaki akwai Basic Fantasy na Chris Gonnerman, tun 2006 yake nan, salon tsohon D&D ne, akwai mataki akwai sihiri amma ba nauyi. Littafin dokoki da labaran da aka riga aka shirya duk kyauta ne a shafinsu.

Yanzu taswira, tunda ya tambaya. Sagir rubuta:

Azgaar's Fantasy Map Generator, yana zana maka duniya sukutum, da ƙasashe, koguna, hanyoyi, garuruwa, har da al'adu. Wannan sai a kwamfuta, waya tana wahala da shi.
Na Watabou, yana da injin zana birni mai ganuwa da unguwanni, da wani na ƙauye, da wani na kogo mai shafi ɗaya. Ka taɓa sau ɗaya sabo ya fito.
donjon, tsohon shafi ne mara ado, rubutu ne kusan zalla, don haka ba ya cin data. Sunaye, dukiya, masauki, yanayin sama, kogo da abin da ke kowane ɗaki.
Dungeon Scrawl in kana son zana naka.
Kobold Plus Fight Club, ka sa yawan 'yan wasa da matakinsu ya gaya maka ko dodannin da ka zaɓa za su hallaka su.
Tabletop Audio don sautin daji, kasuwa, ruwan sama.

Anti Rabi:
Ka ga abin da nake gudu ke nan. Bello, jerin nan naka duk masu kyau ne, na yi amfani da yawancinsu. Amma sabon jagora in ya buɗe Azgaar ya tafi ke nan. Zai kwana yana gyara iyakar masarautu ashirin da ba wanda zai taka, yana sauya wa koguna hanya, ya ji kamar ya yi aiki. Ran wasa ɗan wasa ya ce, mai gadin ƙofar nan ya sunansa, me yake so? Sai shiru.

Injin zai ba ka ɗaki mai lamba 7 da kwarangwal uku a ciki. Ba zai gaya maka me ya sa suke nan ba, ko me ya sa wani zai damu. Wannan naka ne, kuma shi ne wasan.

Abin da ya fi amfanata kyauta ba inji ba ne, rubutu ne guda biyu. Na farko na Mike Shea, wanda aka sani da Sly Flourish. Ya saki tsarin shirinsa a ƙarƙashin Creative Commons, ana kiransa Lazy GM's Resource Document. Matakai takwas ne, amma biyu daga ciki sun ishe ka a farko. Ka shirya buɗewa mai zafi, wato a fara da abu na faruwa, ba da kuna zaune a masauki kuna kallon juna ba. Sannan ka rubuta sirrika goma, kowanne jimla ɗaya, kuma kada ka yanke inda za a same su. Misali: sarkin kasuwa ne ke sayar wa 'yan fashi labarin ayari. In sun kama ɗan fashi, daga bakinsa za su ji. In sun bincika rumbu, a wasiƙa za su gani. In sun tsaya hira da mai shayi, shi zai tsegunta musu. Duk inda suka nufa sirrin na gabansu.

Na biyu na Justin Alexander ne a The Alexandrian, ƙa'idar alamu uku, tun 2008 ya rubuta ta. Duk abin da kake son 'yan wasa su gano, ka ajiye masa alama aƙalla uku. Ta farko ba za su gan ta ba, ta biyu za su gani su yi biris, ta uku za su yi mata gurguwar fahimta, amma dai a ƙarshe za su isa. Wanda bai taɓa ja ba zai ɗauka wasa nake yi.

Ummi:
Mu ne masu gurguwar fahimtar, kuma ba mu tuba ba. Mun taɓa bin wani mai sayar da albasa har gari uku saboda jagora ya ce ya yi tari.

Bello Injiniya:
😂 Anti ban ƙi taki ba, amma kin rage wa injinan nan daraja. Amfaninsu ba a daren shiri yake ba, a tsakiyar wasa yake. Irin su Ummi sun bar hanyar da ka shirya sun bi mai albasa zuwa garin da babu shi a takardarka. Ka ce a ba ni minti biyu in sha ruwa, ka buɗe Watabou, ga gari da kasuwa da ƙofofi. Ka buɗe donjon, ga sunan masauki da mai shi. Ba wanda zai san yanzu aka haifi garin.

Kuma Azgaar na da wani abu da mutane ba su lura da shi ba. Sunayen garuruwan da yake ƙirƙira daga jerin sunaye yake koyonsu, kuma kana iya zuba naka jerin. Ka rubuta masa sunayen garuruwa da ƙauyukan da ka sani masu yawa, sai ya dinga haɗo sababbi masu irin wannan amon. Wasu za su fito abin dariya, ka zubar, wasu kuma ka rantse ka taɓa wucewa ta wurin a mota.

Anti Rabi:
Wannan na sunaye na yarda da shi. Suna shi ne abin da ke fara ƙare wa jagora. Ni takarda ɗaya nake ajiyewa, maza ashirin mata ashirin, in na yi amfani da suna in soke shi in rubuta waye a gefe.

Taswira kuma, Sagir, je ka wurin Dyson Logos. Mutumin Kanada ne, da hannu yake zanawa, baƙi da fari, sun haura dubu a shafinsa, har littattafan D&D na hukuma sun ɗauki zanensa. Da yake ba launi, in ka kai shagon kwamfuta shafi ɗaya za a buga maka a farashin takarda, ya fito tas. Ka ɗauki mai ɗaki shida ko bakwai, ka rubuta abin da ke ciki da biro a kan takardar. Ko an ɗauke wuta, ko caji ya ƙare, wasa na tafiya. In kana son wanda aka riga aka cike, gasar One Page Dungeon Contest tun 2009 ake yin ta, kowace shekara mutane na turo labari cikakke a shafi ɗaya.

Malam Tukur:
Assalamu alaikum. Ina bin zancenku tun ɗazu. Tambaya gare ni, kuma ba don in ɓata wa kowa rai ba. Wannan dayis da ake ta ambata, akwai hadisi ingantacce a Muslim a kan wasan nardi, kuma malamai da yawa sun faɗaɗa shi zuwa wasannin da ake jefa irin wannan ƙwaya. Sannan na ga a cikin littattafan akwai gumaka da masu bauta musu. Yaya kuke yi da wannan?

Anti Rabi:
Wa'alaikumus salam Malam. Tambaya ce mai kyau, iyayen yaran da nake ja wa sun yi min ita. Hukunci na malamai ne, ni ba zan yi fatawa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda abin yake. Ba a sa kuɗi, ba mai ci ba wanda aka ci, duk 'yan wasa gefe ɗaya suke. Aikin ƙwayar kawai ta raba gardama in an zo wurin da ba a san ko abu zai yiwu ba. A gidan da ba a so a ga dayis, 'yan takardu nake yankawa in rubuta 1 zuwa 20 in zuba a hula, yaro ya zura hannu ya ɗauko.

Maganar gumaka kuwa, duniyar wasan ta jagora ce. Ni babu su a tawa. Mai warkarwa a wurina mai magani ne da ya san saiwoyi da ganyaye, kuma ba abin da ya ragu a wasan.

Bello Injiniya:
Ƙarin bayani a kan hular: a mayar da takardar bayan kowace ɗauka, a girgiza. In an yi haka kowace lamba na da kashi 5 cikin ɗari, daidai da dayis. In ba a mayar ba, yara masu wayo za su fara ƙirga abin da ya rage.

Malam Tukur:
Na gode. Ban ce haramun ba ne, ban kai nan ba, na ce dai kowa ya tambayi malaminsa ya samu natsuwa.

Tunda na shigo, bari in ba da tawa gudummawar, ko da yake ni ba na wasan. Kuna ta neman taswirar birane da inji ya ƙirƙira, alhali akwai tsofaffin littattafai da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, suna nan a Internet Archive. Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya rubuta abin da ya gani na kasuwa, da rini, da kayan da ake kaiwa arewa ta hamada, har da zanen birnin. R. S. Rattray kuma ya buga tatsuniyoyi da al'adun Hausa a 1913, daga rubutun wani Malam Shaihu, da ajaminsu da komai. A karanta su da lura, idon baƙo ne na wancan zamanin, amma kayan na ciki.

Ku duba tsarin ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Akwai madugu, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai uban dawaki. Tafiyar watanni, ana biyan fito a bakin kogi, ana biyan kuɗin wucewa ga sarakunan hanya, ana sauka a zango, ana tsoron 'yan fashi. Ban san dokokin wasanku ba, amma in wannan bai isa labari ba ban san me zai isa ba.

Anti Rabi:
Malam wallahi ka gama magana. Kowane zango zama ɗaya ne na wasa, kuma in wani ɗan wasa bai zo ba sai a ce ya tsaya jinyar jaki a zangon baya.

Isuhu Maraɗi:
Sannunku da hira. Ni matsalata daban ce. Turancin Ingilishi bai zauna mini ba sosai, da Faransanci muka yi karatu. Kuma abokan wasana sun watse, wani na Yamai, wani na Damagaram, ɗaya ma yana Faransa. Akwai abin da zai yi mana?

Bello Injiniya:
Akwai. SRD 5.1 kamfanin ya sake shi da Faransanci, da Jamusanci, da Italiyanci, da Sifaniyanci, duk a kan lasisi ɗaya. Cairn ma masu sha'awa sun fassara shi zuwa harsuna da dama.

Wasa daga nesa kuma: Owlbear Rodeo ya fi sauƙi, a burawza yake, ka ɗora taswira ka tura wa abokanka linki su shigo su ja 'yan alamominsu. Roll20 ya girme shi, tun 2012, yana da matakin kyauta amma ya fi nauyi kuma ya fi son kwamfuta. Foundry kada ka bari a ruɗe ka, yana da kyau amma dala 50 ne. Murya kuma ku yi ta Discord, akwai wani bot mai suna Avrae da ke jefa muku dayis a cikin hira kowa na gani.

Anti Rabi:
Isuhu, in netuwok ɗinku irin namu ne, taswira mai motsi da murya a lokaci ɗaya za su ba ku ciwon kai. Ana tsakiyar faɗa muryar jagora ta yanke, a dawo a tarar an kashe dodon ba a san wa ya kashe shi ba. Ku gwada na rubutu. Ku buɗe zaure a Telegram, jagora ya rubuta halin da ake ciki, kowa ya amsa in ya samu sarari, ko da dare ne. In ka tura alamar dayis ita kaɗai a Telegram tana juyawa ta tsaya a kan lamba daga 1 zuwa 6, kuma ba mai iya murɗa ta. Sai ku zaɓi wasan da mai fuska shida kaɗai yake buƙata. Risus na S. John Ross shafi huɗu ne. Lasers & Feelings na John Harper shafi ɗaya ne tak, jarumi lamba ɗaya gare shi tsakanin 2 da 5. Taswira kuma a ɗauki hotonta a tura.

Aibinsa jinkiri. Faɗan da za a gama cikin rabin awa a tebur sai ya ci kwanaki. Ku sa doka: wanda bai amsa ba har gobe war haka, jagora ya motsa masa jaruminsa.

Isuhu Maraɗi:
Madalla, wannan na Telegram zai yi. In kuma duk sun ƙi amsawa fa?

Ummi:
Sai ka yi Ironsworn kai kaɗai 😂 Da gaske nake, Shawn Tomkin ya yi shi a 2018, PDF ɗin kyauta ne, kuma an gina shi yadda za a iya yi ba jagora. Kana tambaya, jadawalin littafin na ba ka amsa.

Sagir:
Kai, na zo neman abu ɗaya na samu buhu. Ga abin da na tsayar: zan tambaye su kamar yadda Ummi ta ce. In hawa mataki suke so, dokokin D&D na kyauta, kuma ni zan cike musu takardun jarumai tun a gida don kada a ɓata lokaci. In ba su damu ba, Cairn. Taswira ɗaya ta Dyson, sirrika goma, takardar sunaye. Yaya Bello, Azgaar sai bayan zama na uku.

Bello Injiniya:
Za ka buɗe shi yau da dare, na san irinku. Takardun jarumai ma ba sai ka cike ba, akwai waɗanda kamfanin ya riga ya cike, ka sauke ka buga kawai.

Kabiru:
Ni fa har yanzu ina nan a kan bakana, littafin dodanni na gaske ya fi daɗin kallo, hotuna ne a ciki kamar su yi magana. Amma na ji maganar lasisin. Tambaya: in haka ne, me ya hana mu juya Cairn ɗin nan zuwa Hausa? Ƙannena ba za su karanta Turanci ba.

Bello Injiniya:
Ba abin da ya hana. Sai dai lasisinsa ya ɗan bambanta da na SRD. Na SRD sharaɗi ɗaya ne, ka ambaci mai shi. Na Cairn CC BY-SA ne, sharaɗi biyu: ka ambaci Yochai Gal tare da nuna cewa ka canza abu, sannan abin da ka fitar shi ma ka sake shi a kan wannan lasisin, wani ya iya ɗauka ya gina a kai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hotuna kuma a duba su daban, ba lallai lasisin rubutu ya rufe su ba. Ni da za a bi tawa SRD za a fara, shi mutane suka sani.

Anti Rabi:
Shafi 400, Bello. Kai da wa? Cairn za a yi. Ni zan ɗauki ɓangaren haɗa jarumi da ƙa'idojin jagora. Malam Tukur, in ba za mu takura maka ba, ka duba mana Hausar in mun gama.

Malam Tukur:
Ba takura. Ku turo da ƙugiyoyin haruffa a wurarensu, kada ku sa ni gyaran ɗ da ƙ har asuba.

Kabiru:
Ni a ba ni dodanni.

Anti Rabi:
An ba ka. Jerin makamai da farashin kaya kuma na Bello ne, tunda shi ke son lissafi. Admin a buɗe mana fayil ɗaya da kowa zai iya rubutu a ciki, kada a yi ta tura kwafi goma a nan.

Admin:
Na buɗe, linkin na saman zaure. Kowa ya rubuta sunansa a gaban ɓangaren da ya ɗauka kafin ya fara.